Ƙeyar Inna Hure

In ka shiga Gafasa ka ce a kai ka gidan Hure mai faifai, kowa zai nuna maka da baki ba sai ya tashi daga inda yake ba. In kuwa ka ce gidan uwar Muzammil ɗan ƙwallon kwando kake nema, nan ma za a nuna maka, amma ina ba ka shawara ka haɗiye maganar tun daga zaure. Ka kuskura ka faɗa a gabanta, za ta dube ka sama da ƙasa ta ce ba ta san mai wannan sunan ba, ka gwada gidan gaba. A gabana ta yi wa wani ɗan jarida haka, bawan Allah ya taso tun daga Kano a kan babur, ya koma bai samu ko kalma ɗaya ba sai ruwan randa. Ni ce Suwaibatu, autarta, kuma ni ce na sha wahalar wannan hali nata fiye da kowa.

A ƙauyen Balan aka haifi Inna, aure ya kawo ta Gafasa gidan Babanmu, Malam Gwadabe, manomin gero da gyaɗa. Wajen kakarta ta koyi saƙar kaba, kuma har yau ba a yi mai hannunta ba a duk ƙasar Ajingi. Faifai, kwando, tabarma, in ta rina kabarta da galura ta zauna a gindin darbejiya, sai ka rantse yatsun nan ba nata ba ne. Baki kuwa, Allah ya ba ta. Tana faɗa da mai awo, tana faɗa da masu tallan omo, akuyarta ma in ta ci mata kaba sai ta zauna ta karanta mata tarihin uwarta da kakarta. Mutum ɗaya ne tak a duniya bakin Inna yake mutuwa a kansa, shi ne Yaya Muzammil, ɗanta na fari.

Kowa ya san alkunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yabonsa a gaban mutane. To amma ai zamani ya sassauta. Sa'o'in Inna da yawa yanzu hoton ɗan farinsu ne a fuskar wayarsu. Ita kam ko kusa. Ana yaye Yaya aka kai shi Kademi wajen kakarmu ta wajen uba, can ya tashi, kuma tun daga ranar sunansa ya zama "mutumin Kademi". Da ya fara tsawo ya koma "dogon nan". In ya zo gida kuwa "baƙon nan" ne. Akwai yaron maƙwabta mai suna irin nasa, shi ma bai tsira ba, "mai sunan mutane" take ce masa.

In suna tsakar gida ɗaya, ni ce wayar tarho. Tana zaune, yana zaune, tsakaninsu bai fi tabarma guda ba, sai ta ce, "Suwaiba, tambayi baƙon nan ko ya ci abinci." In juya in tambaya. Ya ce, "Gaya wa Inna na ci a tashar Gaya." In juya in faɗa. Ta ce, "Gaya masa abincin tasha ba abinci ba ne." Haka zan yi ta juya wuya har ya sage.

Tsawon Yaya kuwa ba wanda ya san inda ya samo shi. Baba gajere ne, Inna sai ta taka turmi take sauko da ƙwarya daga kan rumfa. Shi kuwa tun yana sakandare a Gaya ake aronsa ɗaura lasifikar masallaci da tsinko mangwaro. A can wani malamin wasanni ya gan shi, ya ɗora masa ƙwallo a hannu, daga nan sai Kano, sai ƙungiyar Shahon Dala, masu ja da fari. Ya zama ɗan wasa na sosai, ana biyansa albashi, ana kiran sunansa a rediyo, suna zagaya ƙasa a doguwar mota.

Wata rana da ya zo hutu, Inna ta ɗauka ya fita, ta ce in nuna mata a waya irin aikin da ake cewa mutanen Kademi suna yi a birni. Na nuna mata wasan wasu, ba ma nasu ba. Ta ƙura ido, ta matso da wayar, ta nisanta ta.

Ta ce, "Ke, kwandon nan ba shi da gindi?"

Na ce, "Ba shi da shi, Inna. Haka ake yin sa."

"Wane malalacin ne ya saƙa shi?"

"Raga ce, Inna, ba saƙa ba ce."

Ta miƙo min wayar ta ja tsaki. "Ƙato da gemunsa, da gajeren wando, ya wuni yana zuba abu a kwandon da ba gindi, ya zubo ya sake ɗauka. Allah ya shirya."

Ashe Yaya yana zaure yana ɗaure takalmi, ya ji komai. Maganar kuwa ta zauna masa.

Bara, gab da fara kakar wasa, ya zo gida yana ɗan ɗingishi. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana damunsa, likitan ƙungiya ya ce in ya ƙara shekara a kanta to sai sanda. Ya zauna a kan turmi, ƙafafun nan har bakin murhu, ya ce, "Suwaiba, gaya wa Inna bana ce shekarata ta ƙarshe a fili. Ban taɓa roƙonta komai ba. Ina so ko sau ɗaya ta zo ta ga abin da nake yi kafin in bari."

Na juya na faɗa, kamar ba ta ji ba.

Ba ta ɗago daga faifanta ba ta ce, "Gaya wa baƙon nan ni na girmi kallon wasan yara."

Na raka shi bakin hanya. Muna jiran mota ya ce, "Ku kuna cewa alkunya ce. Ni na san ba ita ba ce. Kunyar abin da na zama take ji. Da malami na zama ko ɗan kasuwa, da ko ta bayan danga ta leƙo ni." Wallahi sai da hawaye ya zo min. Na ce masa ba haka ba ne, ya ce in kawo shaida. Ina zan samo shaida a wajen matar da ko sunansa ba ta faɗa?

Shaida kuwa ga ta nan a gida kullum, sai dai ba irin wadda ake ɗauka a kai Kano ba ce. Inna tana da rediyo, wai don sanarwar rasuwa da tafsiri ta saya. Amma da zarar an ce ga labarin wasanni, sai yatsun nan su tsaya cak a kan kaba, ta karkata kunne tana yi kamar ƙaya take cirewa a tafin hannu.

Shaho sun fara kakar da ƙafar hagu. Aka ci su a gida, aka bi su waje aka ƙara musu, aka dawo aka sake. Mu muka ɗanɗana kuɗarmu. Duk ranar da aka ci su, miyar gidanmu gishiri ce zalla, akuya kuwa ta shiga uku ko ba ta taɓa komai ba. Baba ya daina zuwa gidan kallo a Ajingi don jin sakamako. Sai ya kai lomar farko, ya yamutsa fuska, ya ce a hankali, "Yau ma an ci yaran nan." Inna ta ce, "Waɗanne yara? Hannuna ne ya zarce."

Da suka fara ci kuma, sai sadaka ta ɓarke. Washegarin kowace nasara Inna za ta tashi da tuyar waina a raba wa yaran unguwa. Dalili ba ya ƙare mata. Yau ta yi mafarki da kakarta, gobe akuya ta haihu lafiya, jibi an ga hadari a gabas. Maƙwabciyarmu Hanne, wadda suka tsufa tare suna tsokanar juna ta kan katanga, ta leƙo wata safiya ta ce, "Hure, kakar nan taki ba ta zuwa miki a mafarki sai ranar da Shaho suka yi wasa? Ko ita ma tana bin ƙwallo a can?" Inna ta ce, "Ki ci waina ki yi shiru, ko ki dawo min da ita." A tsakiyar kaka Shaho suka jera nasara har yaran Gafasa suka yi kumatu.

Sai gwiwar ta sake tashi, aka ajiye Yaya wasanni da dama. A kwanakin nan ba gishiri ba waina, gidan ya yi tsit. Rannan ta haɗa man kaɗe da wasu saiwoyi a gwangwani, ta ɗaure da tsumma ta ce, "Kai wa direban Kano. Akwai wani mara lafiya a can, Allah ya san shi." Na buga wa Yaya waya ina murna na ce ga shaida tana tafe a mota. Ya ce, "Suwaiba, na san ke kika haɗa. Na gode, amma ki daina yi mata ƙarya." Kai, ranar na ji haushin su biyun, har na ce Allah ya haɗa su su ƙarata.

Ya warke ya dawo, Shaho suka kutsa cikin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe da ƙyar, su ne a wutsiya. Daga nan sili-ɗaya-ƙwale ne, wanda aka ci ya tattara ya tafi gida, kuma a Kano za a yi. Suka ci wasan farko, aka yi waina har da miyar taushe. Da yamma sai Inna ta sanar cewa galurarta ta ƙare. Na ce gobe kasuwar Gaya, zan sayo mata. Ta ce galurar Gaya ta lalace, ba ta kama kaba, sai ta kasuwar Kurmi a Kano. Ni kuwa na san akwai gwangwani cike a ƙarƙashin gadonta. Baba ya sunkuyar da kai yana gyaran carbi, kafaɗunsa suna rawa, ya ce, "Gaskiya ne, galura sai Kurmi. Suwaiba ta raka ki."

Muka isa Kano muka sauka gidan ƙanwar Baba. Sayen galura bai ɗauke mu komai ba, ko tayi Inna ba ta yi ba, ita da take iya wuni a kan farashin barkono. Muna fitowa ta ce, "Tunda mun zo, ina ne ake shirmen nan? Ba don komai ba, in ga ko masu wurin za su so a saƙa musu kwando na gaskiya."

Ranar wasan kusa da na ƙarshe ne, da la'asar. Ɗakin wasan ya cika maƙil, ganga, ƙahon vuvuzela, ihu. Muka samu wuri a kan matakalar siminti a tsakiyar 'yan ja da fari. Inna tana ta kalle-kalle, har ta ce rufin ya yi kyau. Sai aka fara kiran 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Mai lasifika yana cewa "Muzam…" sai Inna ta tattare zaninta, ta juya gaba ɗaya, ta ba fili baya, ta fuskanci gwiwoyin mutanen da ke samanmu. Ta zaro faifai da kaba daga jaka ta kama saƙa.

Na ce, "Inna, don Allah! Mun taso tun daga Gafasa!"

Ta ce, "Na hana ki kallo ne? Me ake ciki?"

Haka aka yi wasan nan. Ni ina kallo, ita tana saƙa tana tambaya ta gefen baki. "Wa ya zuba?" In ce mu ne. "Wane ne a cikinsu?" In ce mutumin Kademi. Ta ce, "Uhm," yatsun su ƙara sauri. Mutanen da ke samanmu suka rasa inda za su sa idonsu, ga wasa, ga tsohuwa ta zuba musu ido. Yaya kuwa ranar kamar an sake masa sabuwar gwiwa, duk inda ya jefa sai ta shiga. Shaho suka ci, ɗaki ya kusa rushewa.

Na same shi a bakin ƙofar 'yan wasa ina tsalle, na ce, "Ka gani? Ta zo!" Fuskarsa ba annuri ya ce, "Na gani. Ta taso tun daga gida don ta juya min baya a gaban mutanen Kano." Ya shige ya bar ni a tsaye. Wato gara ma da ba ta zo ba.

Abin da ba mu sani ba, samari sun ɗauki Inna a waya. Kafin gari ya waye ta zagaye Kano. Wai ga tsohuwar da ta ɗaure wasa da ƙeya. Wasu suka ce daga bakin Tafkin Chadi aka ɗauko ta, wasu suka ce kowane zare na kaba da ta ja, ƙafar ɗan wasan abokan gaba take ɗaurewa. Ba wanda ya san uwar Muzammil ce, ita kuma ta ce in na faɗa sai ta tsine wa wayata.

Na zata ba za ta koma ba. Ranar wasan ƙarshe tun kafin azahar ta yafa mayafi ta ce jar galurar da muka saya ba ta isa ba. Muna shiga ɗakin wasa aka dare mana hanya har layin gaba, dab da fili. Shugaban magoya baya, wani ƙato mai ganga ana ce masa Ashraf, ya zo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, a taimaka mana yau ma. Duk abin da ake bukata a faɗa." Inna ta ce, "Abin da nake bukata ka matsa, ka taka min kaba." Ya koma ya gaya wa mutanensa cewa ta ce aiki ya kankama.

Abokan karawarmu wata ƙungiya ce daga kudu, dogaye, masu ƙarfi. A ƙwallon kwando in aka yi wa mutum ƙeta, ana ba shi jifa na kyauta, ya tsaya shi kaɗai ba mai tare shi. To jifan farko da aka ba Shaho, sai Ashraf ya doki ganga ya yi ihu, "Ƙeyar Inna!" Wallahi ɓangarenmu gaba ɗaya, manya da yara, masu rawani da masu gajeren wando, suka juya wa fili baya. Ƙwallo ta shiga. Shi ke nan, an samu addu'a. Duk jifan kyauta sai ka ga dubban ƙeyoyi. Inna ta duba hagu da dama ta ce, "Mutanen birni ba su da aikin yi."

Wasa ya yi zafi, a ci mu, mu rama, har aka zo gab da tashi suna gabanmu da maki ɗaya. Yaya ya karɓi ƙwallo ya tashi sama, wani ya banke shi, ya faɗo a kan gwiwar hagu. Na ce, "Inna, an kayar da shi." Ban ce wane ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kabar ta suɓuce daga hannunta. Ya jima a ƙasa, sannan ya miƙe yana jan ƙafa. Alkalin wasa ya ba shi jifa biyu. Ɗaya ta shiga a yi kunnen doki, biyu su shiga kofi ya zama na Kano, kuma ko ta yaya, waɗannan ne jifansa na ƙarshe a rayuwarsa ta wasa.

Ganga ta yi ƙara. "Ƙeya! Kowa ƙeya! Wanda ya leƙa Allah ya isa!" Kowa ya juya, har da ni, don Ashraf ya zare min ido. Amma ni Suwaiba ba a haife ni da haƙuri ba, sai na ɗan ɗaga gefen mayafi ina satar kallo.

Inna na gani. Ta dubi dama, ƙeya. Ta dubi hagu, ƙeya. Ta ɗaga kai sama, ƙeyoyi har rufi. Duk wanda za ta ji kunyarsa ya ba ta baya, baƙin da ke can ɗaya gefen kuwa ba su san ta ba, ba ta san su ba. Sai ta ajiye faifai a hankali, ta dafa kafaɗata ba ta ma san tawa ba ce, ta miƙe tsaye, ta juya.

A duk wannan ɓangaren fuska ɗaya ce take kallon fili. Yaya ya buga ƙwallo a ƙasa, ya ɗago kai, ya gan ta. 'Yar gajeruwar tsohuwa da mayafi ruwan toka, ta zuba masa ido ko ƙiftawa ba ta yi, kallon da ta hana kanta tun yana cikin zanin goyo. Ya tsaya har alkalin wasa ya yi masa magana. Ya jefa ta farko, ta shige ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Aka miƙo masa ta biyu. Na ga ya goge ido da gefen riga, ya sake gogewa. Ya jefa. Ta daki ƙarfe, ta zagaya bakin kwandon, ta yi kamar za ta shiga, ta faɗo waje.

Kafin mutane su juyo, Inna ta koma mazauninta da faifai a hannu. Aka ƙara lokaci, gwiwa ta ƙi, aka fitar da Yaya, baƙi suka ɗauki kofi. Ashraf yana kuka yana rantsuwa cewa wani munafuki ne ya leƙa ya karya aikin, in ya kama shi sai ya fasa masa ganga a ka. Inna ta ce, "Mutanen yanzu ba su da haƙuri," ta tattara kabarta muka fito.

Bayan sati Yaya ya zo Gafasa da sanda, fuskar nan kamar ango. Wanda bai sani ba sai ya ce shi ya ci kofin. Ya zauna a kan turminsa, Baba yana kan buzu, Hanne ta shigo musamman don tsokana.

Ta ce, "Hure, an ce kin je har Kano kin ba su ƙeya har aka tashi."

Inna ta ce, "To me zan kalla? Galura na je saye."

Baba ya dubi Yaya ya ce, "Ni abin da ban gane ba, ta farko ta shiga sumul. Me ya sami ta biyun?"

Yaya ya buɗe baki ke nan, sai Inna, kanta a sunkuye tana jan kaba, ta ce, "Gwiwar hannu ya saki. Ta farkon ya matse ta a jikinsa, ta biyun ya bar ta ta buɗe."

Har akuya sai da ta daina tuƙa.

Hanne ta ce, "Ikon Allah. Hure, da ƙeyar kika gani?"

Inna ta ce, "Suwaiba, tuwon nan zai kama."

Ba tuwo a kan wuta, ko murhu ba a hura ba. Baba ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, Hanne ta zube a kan tabarma tana riƙe ciki. Yaya ma dariyar yake, amma hawaye yana bin gemunsa, bai ko goge ba. Inna ta shige ɗaki, muka ɗauka ta gudu ke nan. Sai ga ta ta fito da wani sabon kwando babba, saƙar ja da fari, jan nan na galurar Kurmi. Ta dire shi a gabana, ta kau da kai wajen katanga.

Ta ce, "Ba wa baƙon nan ya riƙa ajiye ƙwallonsa. Gaya masa wannan yana da gindi, abin da ya zuba ba zai zube ba."

Ban juya na faɗa ba, shi ma bai jira ni ba. Ya miƙa dogon hannun nan ya ɗauka, ya rungume, ya kifa fuskarsa a ciki. Inna ta koma gindin darbejiya ta zauna, ta ba shi baya kamar kullum, ta ɗauki faifanta. Na lura har aka kira magariba ba ta ƙara masa ko zare ɗaya ba.